Jakar da Na Saya wa Yayanku

Balki, na ji maganar da kika yi ranar sunan ɗiyarki. Kin ɗauka kunnena ya mutu, to bai mutu ba, ƙafa ce kawai ta gaza. Kina bayan danga kina gaya wa ƙawayenki wai ke ɗiyarki ta fari a bayanki za ta girma, da sunanta za ki riƙa kiran ta, ba za ki yi irin ta Iya ba, wadda ɗanta ya mutu ko ɗigon hawaye ba ta zubar ba. Ban tanka maki ba, don gida cike yake da baƙi, kuma ba a yi wa mai jego faɗa. Amma maganar ta zauna mani a ƙirji ta ƙi wucewa. Shi ya sa na ɗauko ɗan bokon da na koya a makarantar manya na zauna rubuta wannan, domin ke da Sale da Auta. Ku ji ni da kyau, ba gafara nake nema wurin kowa ba. Abin da na tarar iyayena na yi, shi na yi. Sai dai akwai abin da ba ku sani ba game da shekarar da Yayanku ya rasu, kuma tun da ƙanwata Gambo ta riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage da na san shi.

A zamaninmu ɗan fari ba na uwarshi ba ne. Ba ki faɗin sunanshi, ba ki yi mashi wasa, ba ki kallon shi ido cikin ido gaban mutane, in ya faɗi wani ne zai ɗaga shi. Wadda ta yi akasin haka sai a yi ta nuna ta da baki a bakin rijiya, a ce ba ta da kunya, ba ta sami tarbiyya ba. A Agiye na haife shi, ɗakin tsohuwarmu. Ko nono sai an tura ni ɗaki an saki labule sannan in ba shi. Goyo kuwa Gambo ce ta yi, tana 'yar budurwa lokacin, da shi take daka, da shi take zuwa ɗiban ruwa. Da aka yaye shi tsohuwarmu ta ce ya zauna, na hau mota na komo Gangara bayana wayam. A can ya girma cikin ɗiyan 'yan'uwana maza, ya ji suna ce mani Gwaggo, shi ma ya ɗauka. Gambo yake ce wa Inna. Har ya koma ga Allah, Gwaggo yake ce mani, ni kuma in zan yi maganarshi sai in ce yaron nan, ko mai hoto. Yanzu ma da nake rubutu ni kaɗai a ɗaki, hannuna ya ƙi rubuta sunan, kada ku tsaya jira.

Sai da babanku ya rasu ya tattaro ya dawo Gangara da matarshi Sa'a, ya riƙe gidan. Kun san sana'arshi. Da safe ya buga moto, babur ɗin nan nashi, yau kasuwar Gazawa, gobe Agiye, in an yi babban biki har Cadakori ana kiran shi, kafin magariba ya dawo. Ya kafa farin ƙyalle jikin bango, mutane su jeru a yi masu hoton katin ɗan ƙasa, ko na shiga lakol, wato makarantar boko, ko makiyayi ya zo da sandarshi da hularshi ya ce a ɗauke shi ya aika wa 'yan'uwa. Kayan aikin kuwa ba kaɗan ba ne. Ga kamarar kanta, ga idanunta biyu da ake cirewa a sauya, dogo da gajere, ga batura, ga ɗan injin da ke fitar da hoton nan take, ga sandar ƙarfen nan mai ƙafa uku. Duk a cikin wata tsohuwar jakar rataya mai igiya ɗaya yake cusa su, ya nannaɗe kowanne da tsumma, ya rataya a kafaɗar hagu. Tun da ba ni da ikon kallon fuskarshi, sai ya juya zai fita nake ɗaga kai. Wallahi na fi sanin ƙeyarshi da bayanshi fiye da yadda na san hancinshi. Don haka ni na fara ganin kafaɗar nan ta hagu tana sauka, yaro yana tafiya a karkace tun bai kai ko'ina ba.

Cikin daminar shekarar ne igiyar ta tsinke yana bisa moto, jakar ta bugi ƙasa. Ya shigo gida bai yi sallama da ƙarfi yadda ya saba ba. Ya zauna a zaure ya baje kayan bisa tabarma, yana share yashi da gashin kaza. Dogon idon ya tsage. Ina tsakar gida ina matsar ƙuli, na ji Sa'a tana tambayar shi.

"Babu wata jaka da ta fi wannan ne, Malam?"

"Akwai mana. Akwai ta goyo, ta masu hoto, mai soso a ciki, kowane abu da ɗakinshi. Bari dai a ga bayan kaka."

Na san bayan kakar nan ba za ta zo ba. Duk abin da ya samo, tukunyarmu da lakol ɗinku ke cinyewa. Washegari ya ɗaure jakar da igiyar rama ya fita. Bayan 'yan kwanaki na ga rigarshi a bisa igiyar shanya, kafaɗar hagu ta ci ta huje, da ɗan tabon jini da wanki bai fitar ba. Na daɗe tsaye gaban rigar nan kamar wata sakarai. A nan na yanke shawara zan saya mashi jakar. To amma ta yaya? Ba ni iya tambayar shi wace iri yake so. Ba ni iya miƙa mashi hannu da hannu. In aka ji a gari cewa na sayar da dabba na yi wa ɗan fari sayayya, kafin la'asar an mai da ni abin hira.

Ranar Juma'a ba ya fita aiki. Ya bar kayan a zaure ya tafi masallaci, Sa'a kuma ta shiga maƙwabta kitso. Na ɗauko kaba na lallaɓa kamar ɓarauniya a gidana. Ban taɓa taɓa kamarar nan ba sai ranar. Ashe nauyi gare ta! Na gwada tsawonta da kaba na ƙulla, na gwada faɗinta na ƙulla. Na yi wa gajeren ido, na yi wa dogon duk da ya tsage, don na san zai sake wani in Allah ya hore. Na yi wa injin. Kunnena na waje, ko kaza ta motsa sai gabana ya faɗi. Na mai da kowane abu yadda na same shi, na ƙulle kabar a bakin zanena. Kasuwar da ta zagayo na ja jar akuyata, wadda kuke ce wa Mai-gemu, na sayar. Kun tambaye ni na ce maku ɓarna ta cika yi. Ƙarya na yi maku, akuyar nan ba ta taɓa shiga gonar kowa ba.

Na ce zan je Agiye gaida Gambo. Da na gaya mata abin da ya kawo ni, ta riƙe haɓa ta yi ta dariya har da hawaye.

"Yaya, ke ce yau da sayen jakar mai hoto? Tabɗi! Duniya ta zo ƙarshe."

"Rufe mani baki, ki ɗauko mayafinki. Ke za ki ce kin saya."

Ta kai ni wurin wani mai gwanjo, Mamman, wanda ke ɗauko dila daga Maradi. Rumfarshi jakunkuna ne rataye har sama. Da ya ji jakar goyo muke so sai ya fara sauko da na 'yan lakol, masu zanen dabbobi.

"Hajiya, jika ne zai shiga aji? Ga wannan, ko shekara nawa zai yi ba ta mutuwa."

"Ba Hajiya ba ce ni, ba kuma jika ba ne. Mai gemu ne. Kamara zai sa."

Na kwance kabata na shimfiɗa mashi. Ya dube ni, ya dubi kabar, ya fasa dariyar da ya ɗauko. Allah ya saka wa yaron nan, ya yi haƙuri da ni. Ya kawo wata ja wur mai sheƙi, na ce wannan ai kiran ɓarawo ce, tun daga bakin kasuwa za a hango ta. Ya kawo wata koriya mai ƙarfi, har na fara so, sai shi da kanshi ya ce a'a, kalar soja ce, mai yawo a moto in ya goya wannan jandarma za su riƙa tsai da shi a kowane shinge suna kwance mashi kaya. Ni ban ma yi wannan tunanin ba. Ya kawo wata baƙa shafal, na sa hannu ciki na ji babu komai tsakanin kaya da ƙasa sai ƙyalle, na ce wadda muke gudu ke nan. Wata kuma zurfi gare ta kamar rijiya, abin da ke ƙasa sai ka zazzage na sama kafin ka kai gare shi. Muka birkice rumfar nan kaf ba mu samu ba. Gambo ta gaji ta zauna bisa dila tana fifita da mayafi.

"Haba Yaya, jaka ai jaka ce. Ɗauki ɗaya mu tafi, rana ta yi."

"In jaka jaka ce, wadda yake da ita ma ai jaka ce."

Mamman ya ce in bar mashi kabar, zai shiga Maradi ya duba wurin masu irin kayan. Na ƙi. Na zauna nan na ƙulla mashi wata irinta, na riƙe tawa. Na komo gida hannu biyu, na ce Gambo ba ta jin daɗi, sai na sake komawa. Ƙarya ta biyu ke nan.

Da kasuwa ta zagayo ya kawo guda biyu. Dukansu na masu hoto ne, da soso a ciki, da 'yan bangaye masu laushi da ake cirewa a matsa yadda ake so. Ɗaya babba ce, har tabarma sai ta shiga. Ɗaya matsakaiciya, ruwan toka, ta ɗan sha jiki amma ɗinkinta lafiya lau. Gambo ta ce babbar, ai babba ta fi daraja. Na ce mutumin da zai fita da safe ya dawo da yamma me zai yi da rumbu a baya? In jaka ta yi yawa kayan za su yi ta kai-komo a ciki suna bugun juna, kuma mai ita zai yi ta ƙara mata tarkace har ta karya shi. Na zauna a ƙasa na jera kabata cikin matsakaiciyar, ina matsa bangayen nan ɗaya bayan ɗaya har kowane ƙulli ya sami ɗakinshi daidai. Mamman ya nuna mani abin da ban lura ba, wai zif ɗinta ta wajen bayan mutum yake buɗewa, in an goya ta ba mai iya zuge ta a cunkoson kasuwa, yashi ma ba ya samun hanya. A ƙasanta akwai ɗan aljihu da rigar ruwa a naɗe, in hadari ya taso a lulluɓe ta. A gefe ga wurin gorar ruwa, ɗaya gefen ga maɗaurin da zai riƙe sandar ƙarfe. Na ja kowane zif, na ja kowane ɗinki da ƙarfina. Saura abu ɗaya.

Na aiki Gambo ta aro mani gero wurin mai awo, kimanin nauyin da na ji a hannuna ranar Juma'ar nan. Muka ƙulla a leda muka zuba ciki. Na tuɓe mayafi na ce Mamman ya ɗora mani.

"Iya, a nan? Gaban mutane?"

"Ɗora mani, na ce. Wanda bai goya ba ina zai san inda take ciwo?"

Haka na goyi jakar nan a tsakiyar kasuwar Agiye, tsohuwa da furfura. Masu tallan goro suka tsaya, wani ya ce Iya za a koma lakol ne, kasuwa ta ɗauki dariya. Oho, ban ko dube su ba. Ni dai na san goyo. Na goye ku ku uku, na san in nauyi ya sauka ƙasa ƙugu yake ci, in ya yi nesa da baya kafaɗa yake ja. Na sa ya ɗage maɗauran har ta hau sama ta manne da bayana. Akwai wani na ƙirji, akwai mai faɗi na ƙugu, shi ne majanyinta. Da na ɗaure shi sai na ji nauyin ya bar kafaɗa gaba ɗaya. Na taka zuwa rumfar masu barkono na dawo, na duƙa, na miƙe, na girgiza jiki yadda moto ke yi a hanyarmu. Ba ta motsa ba. A nan ne wani abu ya taso mani. Nauyin ya yi daidai da na yaron da ya isa yaye, kuma ɗumi ya fara taruwa a tsakanin bayana da ita. Na tsaya cak cikin mutane. Ban taɓa jin nauyin ɗan nan a bayana ba, ko sau ɗaya, sai ga shi ina goyon gero a madadinshi. Na ce wa Gambo barkono ne ya shigar mani ido.

Kafin in hau mota na ja ta gefe.

"Ki rantse mani ba za ki faɗa mashi ba. Ko shi, ko matarshi, ko kowa."

"Yaya, zamani fa ya sauya. Me zai faru in ya sani?"

"Ni ban sauya ba. Rantse."

Ta rantse.

Ranar da Gambo ta ba shi ya dawo da ita kuna nan, kun gani. Tun daga ƙofa yake kiran Sa'a. Ya sauke ta tsakar gida ya buɗe, yana nuna maku ɗakin kowane abu, yana cewa ku duba, kamar an gwada. Auta ta goya tana zagaya gida. Ni ina bakin murhu na ba ku baya, ina juya ƙuli cikin mai. Sai na ji takunshi ya matso.

"Gwaggo, kin ga abin da Inna ta saya mani?"

"Na gani. Ita ta ga za ta iya."

Abin da na ce ke nan. Ya ɗan tsaya, ya koma wurinku. Ƙulin da ke cikin kaskon ranar ƙonewa ya yi.

Daga nan kowace kasuwar Agiye sai ya biya wurin Gambo da goro da sabulu. Ya ɗauke ta hoto ya wanke babba ya sa a gilashi. A gaban baƙi sai ya ce shi dai Allah ya ba shi uwa, Innarshi ta Agiye. Zan faɗa maku gaskiya, na ji haushi. Na ji kishin 'yar'uwata da muka fito ciki ɗaya, kishi mai zafi, alhali ni na ɗora mata abin da hannuna. Amma da safe in ya juya zai fita sai in ɗaga kai in ga jakar nan zaune daram a bayanshi, kafaɗu sun daidaita, yana tafiya a miƙe kamar babanku yana saurayi. Sai in ce a raina, to, wannan dai tawa ce, ni na san inda na matsa kowane bango. Watannin nan, daga kaka zuwa ƙarshen sanyi, ban taɓa jin daɗi a gidan nan kamar su ba.

Da zafi ya shigo aka fara jin sanƙarau a ƙauyuka. Wata ranar kasuwa ya dawo da wuri, tun kafin la'asar. Kuna lakol, Sa'a ta tafi rijiya, ni kaɗai ce a gida. Na ji moto ya tsaya amma ban ji shigowarshi ba. Na leƙa zaure na same shi tsaye ya jingina goshi da bango, jakar na bayanshi, zufa ta jiƙa rigarshi sharkaf.

"Gwaggo, ba kowa ne? Wuyana ya ƙage. Na kasa ɗaga hannu in cire ta."

Na duba waje, na duba ciki, wai ko akwai wanda zan kira. Kun ji ko? Ɗana na tsaye yana rawar ɗari, ni ina neman wanda zai taɓa shi a madadina. Babu kowa. Na matsa. Na zagaya ta gabanshi na ɓalle na ƙirji, na ɓalle na ƙugu. Hannuna bai yi laluben maɓallin ba, don ya san wurin. Na koma baya na tallabe ta daga ƙasa, na zare mashi hannu ɗaya, na zare ɗayan. Tafina ya sauka bisa bayanshi, zafi kamar kasko. Tun da aka yaye shi fatata ba ta taɓa jikinshi ba sai ranar. Ban ɗauke hannun da wuri ba. Shi ma bai motsa ba. Can ya yi magana a hankali, fuskarshi na jikin bango.

"Inna ta iya zaɓe. Yini guda ina ɗauke da ita, ko kaɗan ba ta ci mani kafaɗa ba."

Maganar ta zo mani har bakin haƙora. Ba kowa a zauren, ba mai ji sai Allah. Sai na ji muryar Sa'a a ƙofa tana sauke tulu, na janye hannuna.

"Shiga ka kwanta," na ce.

Sauran kun sani. Aka ɗauke shi zuwa likita, ma'aikatan suka yi iyakar ƙoƙarinsu, amma tun a hanya ya daina gane mutane. Bai daɗe ba. Ranar zaman makoki na zauna inda aka zaunar da ni, na amsa gaisuwa, na sa aka dama fura aka ba baƙi. Gambo ce ta yi ta birgima a ƙasa, ita aka riƙa riƙewa ana ba haƙuri, ita aka yi wa ta'aziyyar uwa. Tsofaffi suka yi ta yaba mani, wai 'yar gidan mutunci, ko ido bai ja ba. Ke kuma Balki kina rakuɓe jikin rumbu kina kallona, na ga irin kallon. Na yi kukana inda na yi, ba sai na nuna maku wurin ba.

Aka sayar da kamarar da injin aka ajiye wa marayunshi. Jakar kuwa, da Sa'a ta fita takaba sai ta ce wadda ta saya ita ta fi cancanta da ita, ta aika wa Gambo. Ina kallo aka fita da ita daga gidana. Na daure har damina ta wuce, sannan na shirya na tafi Agiye. Na same ta rataye a ƙusa a ɗakin Gambo, ƙarƙashin babban hoton nan. Muka gaisa. Abin da ya kai ni tambaya ɗaya ce, ita ce ta hana ni barci tun ranar zauren. Ina fata a raina ko Gambo ta karya rantsuwa. Ai kun san ta da baki, magana ba ta kwana a cikinta. Na yi ta roƙon Allah a mota ya sa wannan karon ma bakin ya yi halinshi.

"Gambo, tsakaninki da Allah, kin taɓa faɗa mashi?"

Ta dafa ƙirji.

"Ni? Wallahi Yaya ban tona ki ba. Ko da ya tsare ni ban faɗa ba."

"Ya tsare ki?"

"Ƙwarai. Ana saura kaɗan ya kwanta. Ya zauna nan inda kike, ya buɗe jakar ya ce, Inna, ke da ba ki taɓa riƙe kamarar nan ba, ya aka yi kowane ɗaki ya zo daidai? Wa ya gwada? Gabana ya faɗi, amma na tuna na rantse maki. Na ce mai gwanjo ne, shi ya san irin kayan. Ya ce in rantse. Na ce ba a sa uwa rantsuwa."

"Sai ya ce me?"

Gambo ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Na sake tambaya.

"Sai ya ce, na ɗauka ko ita ce. Ya yi 'yar dariya, ya zuge zif ɗin, ya ce, ina, ai ba za ta yi ba."

Kaji na ta tone-tone a tsakar gida, wata maƙwabciya na daka. Gambo ta ɗago tana duban fuskata, tana jira in ce wani abu, ita a ganinta ta yi mani abin kirki. Kuma ta yi, abin da na roƙe ta shi ta yi.

"Kin kyauta, Gambo," na ce. "Kin riƙe amana."

Ta ce in tsaya a sauke tuwo. Na ce mata mota za ta tashi.